Thomas Willis, Likitan Da Ya Nemi Mazaunin Tunawa

An haifi Thomas Willis a ƙauyen Great Bedwyn na ƙasar Ingila a shekara ta 1621. Ya shiga Jami'ar Oxford da niyyar zama ma'aikacin ikilisiya, amma yaƙin basasa ya sa ya koma karatun likitanci, ya kuma sami shaidarsa a 1646. Waɗanda suka ci yaƙin sun haramta littafin addu'a na Ikilisiyar Ingila. Willis kuwa ya buɗe ɗaki a gidansa, masu bi suna taruwa a ciki suna sujada da littafin, ko da yake hakan na iya jawo masa fushin hukuma.

Sunansa ya fita ne a watan Disamba na 1650. An rataye wata baranya mai suna Anne Greene bisa zargin kashe jaririnta, aka kawo gawar domin likitoci su feɗe. Da aka buɗe akwatin sai aka ji numfashi a maƙogwaronta. Willis da abokin aikinsa William Petty suka duƙufa a kanta har ta farfaɗo. Aka yafe mata, daga baya ta yi aure ta haihu. Abin mamaki, ba ta tuna kome game da ratayewar ba.

A zamanin, likitoci suna koyar da abin da suka gada tun ɗaruruwan shekaru, wai hankali da tunawa suna zaune ne a cikin kogunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Willis bai gamsu ba. Shi da Richard Lower suka riƙa ciro ƙwaƙwalwa ɗungum daga ƙoƙon kai, suna kwatanta ta mutum da ta tumaki da sauran dabbobi. Ya lura cewa ta mutum ta fi yawan lanƙwashe-lanƙwashe a samanta, sai ya yanke cewa a cikin naman nan ne ake ajiye abin da aka koya, kogunan kuwa ba su da wannan aiki. A 1664 ya buga littafinsa Cerebri Anatome, da zane-zanen Christopher Wren, wanda daga baya ya gina majami'ar St Paul a Landan.

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya ba. Ya ɗauka wasu iskoki masu laushi ne suke kai saƙo ta jijiyoyi, alhali yau an san lantarki ne da sinadarai. Amma game da tunawa ya kama hanya, gama binciken ƙarni na 20 ya nuna cewa wani ƙaramin sashe da ake kira hifokamfus ne yake ƙulla sabon abin tunawa, ɓawon ƙwaƙwalwa kuma ya riƙe shi na dogon lokaci. Har yau ɗaliban likitanci suna kiran zoben jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da sunan Willis, domin shi ya bayyana amfaninsa: idan hanya ɗaya ta toshe, jini yana iya zagayowa ta wata.

Da ya koma Landan, ya ɗauki nauyin addu'ar asuba da ta yamma a majami'ar St Martin, domin ma'aikata da barori su sami halarta. Ya rasu ranar 11 ga Nuwamba, 1675, aka binne shi a Westminster Abbey.