Ranar Da Malamin Makaranta Ya Tuhumi En'e

Duk lokacin da na ji ana kukan 'yan majalisarmu sun zama 'yan amshin shatan gwamnoni, marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa nake tunawa. An haife shi a 1912 a ƙasar Bauci, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Bauci, kana ya shiga Majalisar Arewa bayan dawowarsa daga Landan a 1946.

A watan Agustan 1950 ya miƙe a zauren majalisar a Kaduna, ya nemi a binciki tsarin En'e. A zamanin, manomin Ikara ko Maƙarfi ko Kudan haraji yake biya wa baitulmalin Zazzau, amma ba shi da bakin tambayar inda kuɗin suka shiga. Kada mai karatu ya manta, ta hannun En'e Malam Abubakar ya sami kujerarsa. A ganina nan jarumtar take. Sarakuna ba su ji daɗi ba, amma ƙudurin ya wuce. Zuwa 1952 doka ta daina ɗaukar sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, sai tare da majalisarsa.

Ya zama Firayim Minista a 1957, shi ma ya riƙa amsa tambayoyin 'yan adawa a majalisar Legas, har sojoji suka kashe shi a Janairun 1966.