Gustav Husak: Fursunan jam'iyya da ya koma mai tsaron ƙofarta

A ranar Lahadi, 10 ga Disamba, 1989, Shugaban Ƙasar Cekoslobakiya, Gustav Husak, ya yi aikinsa na ƙarshe a fadar mulki da ke birnin Prag. Ya rantsar da sabuwar majalisar ministoci a ƙarƙashin Marian Calfa, wadda 'yan kwaminisanci ba su da rinjaye a cikinta, abin da ba a ga irinsa ba tun 1948. Da aka kammala rantsuwar sai ya ajiye muƙaminsa, yana da shekara 76 a duniya, bayan shekara 20 a ƙololuwar mulki. Rayuwarsa abar nazari ce ga duk mai aiki kusa da masu iko, domin mutum ne da ya ɗanɗani zaluncin tsarin jam'iyya ɗaya a jikinsa, amma da dama ta zo hannunsa sai ya zaɓi ya tsare tsarin a yadda ya same shi.

An haifi Husak ranar 10 ga Janairu, 1913, a Dubravka, wani ƙauye a gefen Bratislava, babban birnin yankin Sulobakiya. Ɗan talakawa ne. Ya shiga ƙungiyar matasan kwaminisanci yana ɗan shekara 16, ya zama cikakken ɗan jam'iyya a 1933 lokacin da yake karatun lauya a Jami'ar Comenius. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnatin Jozef Tiso ta haɗa kai da Jamus, an sha tsare shi, kuma yana cikin jagororin boren da Sulobakawa suka tayar a watan Agustan 1944.

Bayan yaƙi tauraronsa ya haska da wuri. Daga 1946 zuwa 1950 shi ne shugaban majalisar kwamishinonin Sulobakiya, wato kamar firimiyan yankin. A zaɓen 1946 jam'iyyar Dimokuraɗiyya ce ta lashe kashi 62 cikin ɗari na ƙuri'un Sulobakiya, amma Husak yana cikin waɗanda suka yi ta matsa mata lamba har aka kawar da ita, aka share wa 'yan kwaminisanci hanyar karɓe mulkin ƙasar baki ɗaya a watan Fabrairun 1948.

Ba a jima ba reshe ya juye da mujiya. A 1950 jam'iyya ta zarge shi da fifita kishin Sulobakiya a kan aƙida, ta tuɓe shi, aka kama shi a 1951. Abokin gwagwarmayarsa Vladimir Clementis, tsohon ministan harkokin waje, an rataye shi a watan Disambar 1952. Shi kuwa Husak an gurfanar da shi a watan Afrilun 1954, ya ƙi amsa laifi a gaban kotu duk da azabar da ya sha a hannun masu bincike, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Daga kurkuku ya riƙa aika wa shugabannin jam'iyya takardun koke, yana nanata cewa shi ɗan kwaminisanci ne mai biyayya wanda aka yi wa ƙazafi. An sake shi a afuwar 1960, aka wanke shi a 1963.

Wannan tarihi ne ya sa jama'a suka ɗauke shi ɗan sauyi a 1968, lokacin da wani Basulobake, Alexander Dubcek, ya karɓi ragamar jam'iyya ya sassauta takunkumin da ke kan jaridu da bakin jama'a. A watan Afrilu aka naɗa Husak mataimakin firaminista, aka damƙa masa aikin mayar da ƙasar tarayya mai jamhuriya biyu, ta Cek da ta Sulobakiya. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1969, kuma ita ce babbar nasarar rayuwarsa. Sai dai kafin nan, a daren 20 ga Agusta, 1968, sojojin Tarayyar Sobiyet da na ƙawayenta sun mamaye ƙasar. A tattaunawar da aka tilasta wa shugabannin Cekoslobakiya a Mosko, Husak ya nuna wa Leonid Brezhnev cewa shi mutum ne da za a iya aiki da shi. Ranar 17 ga Afrilu, 1969, ya maye gurbin Dubcek.

Abin da ya biyo baya gwamnati ta kira shi daidaita al'amura. A 1970 aka kafa kwamitocin tantancewa, kowane ɗan jam'iyya ya bayyana gabansu ya faɗi matsayinsa kan zuwan sojojin Sobiyet. Kusan mutum rabin miliyan ne suka rasa katin jam'iyya ko suka fice da kansu. Tankaɗe da rairayar ta shiga ma'aikatu da jami'o'i da gidajen jarida. Malaman jami'a suka koma masu hura wutar ɗumama gidaje da masu wanke tagogi, aka toshe wa 'ya'yansu hanyar karatu mai zurfi. Dubcek kansa an tura shi jakada a Turkiyya, aka kore shi daga jam'iyya a 1970, ya ƙare a matsayin ƙaramin ma'aikaci a hukumar gandun daji a Bratislava. Ita ma tarayyar da Husak ya gina an rage mata ƙarfi a ƙarshen 1970, iko ya sake tattaruwa a Prag.

Ya kamata a yi masa adalci a kan abu guda: bai dawo da rataye abokan hamayya irin na shekarun 1950 ba. Salonsa shi ne ciniki da talaka, gwamnati ta ba da aiki da abinci mai sauƙin kuɗi da gidan haya, shi kuma ɗan ƙasa ya kame bakinsa. Wanda ya ƙi cinikin ya gamu da 'yan sandan ciki. Masu sa hannu a takardar Yarjejeniyar 77, wadda ta nemi a mutunta haƙƙin ɗan Adam, sun sha kora da ɗauri. Masanin falsafa Jan Patocka ya rasu a watan Maris na 1977 bayan doguwar tuhuma, marubuci Vaclav Havel kuma ya zauna a kurkuku daga 1979 zuwa 1983. A lokacin Husak ya riga ya haɗa shugabancin jam'iyya da na ƙasa, wanda ya karɓa a 1975.

Ginin nan duka a kan ƙarfin Mosko ya jingina. Da Mikhail Gorbachev ya hau mulki a 1985 ya fara sauye-sauye masu kama da na Dubcek, shugabannin Prag suka shiga tsaka mai wuya, domin amincewa da sauyi tamkar amsa cewa korar da suka yi wa dubban mutane zalunci ce. A watan Disambar 1987 aka karɓe jam'iyya daga hannun Husak aka ba Milos Jakes, mutumin da ya shugabanci hukumar ladabtarwa a lokacin tankaɗe da rairaya. Aka bar wa Husak kujerar shugaban ƙasa, ba tare da wani iko na a zo a gani ba.

Ranar 17 ga Nuwamba, 1989, 'yan sanda suka lakaɗa wa ɗalibai masu zanga-zanga duka a Prag. Cikin mako guda dubun dubatar jama'a suka cika tituna, Jakes da ɗaukacin shugabannin jam'iyya suka yi murabus ranar 24 ga wata. Ranar 27 ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari na awa biyu, ranar 29 kuma majalisar tarayya ta soke sashen tsarin mulki da ya ba jam'iyyar kwaminisanci jagorancin ƙasa. Wata guda bayan haka majalisar ta zaɓi Dubcek shugabanta, washegari, 29 ga Disamba, ta zaɓi Havel shugaban ƙasa ba tare da ko ƙuri'a ɗaya ta adawa ba. Mafi yawan masu kaɗa ƙuri'ar wakilai ne da aka tace aka zaɓo a zamanin Husak saboda biyayyarsu. Biyayyar da aka samu ta hanyar tsoron kora ba ta wuce ranar da tsoron ya kau ba.

A watan Fabrairun 1990 jam'iyyar da ya yi wa hidima fiye da rabin ƙarni ta kore shi karo na biyu. Ya rasu a Bratislava ranar 18 ga Nuwamba, 1991, aka binne shi a Dubravka inda aka haife shi. Tarayyar da ya tsara ba ta daɗe a bayansa ba, domin ranar 1 ga Janairu, 1993, Cek da Sulobakiya suka rabu cikin lumana, kowacce ta zama ƙasa mai cin gashin kanta.