Likita Mila: Furfura Ba Ta Hana Aiki

Ya kai mai karatu, watakila ka karɓi bishara da furfura a kanka, kana cewa a ranka rana ta yi yamma, ba sauran abin da za ka yi wa Ubangiji. Ka saurari labarin Likita Mila, wato Walter Miller.

An haife shi a Ingila a shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita, ya koyi Hausa a Tarabulus. A 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka koma da baya. Daga 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara. Shekaru suka yi ta wucewa, masu ba da gaskiya kuwa kaɗan ne. Da wani ne, da ya ce wahalarsa ta tafi a banza.

Amma dukan wannan lokaci yana juya Maganar Allah zuwa Hausa, shi da mataimakansa Hausawa. Sai a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da harshenmu, sa'anda yana da shekara 60. Ka duba fa, babban girbinsa bai zo da safe ba, sai da la'asar.

Ya ajiye aikin C.M.S. a 1935, ya koma Ingila. Hutu bai yi masa daɗi ba, gama zuciyarsa tana nan ƙasar Hausa. A 1939 ya komo, yana da shekara 67, ya ci gaba da rubuta littattafai a kan zaman Nijeriya har cikin tsufansa. Ya rasu a 1952 a Bukuru, kusa da Jos, can inda hanyar nan da ta ratsa dajin Falgore ta nufa.

To, kai fa, dattijo na Tudun Wada ko Doguwa? Idan ƙarfin riƙe fartanya ya ragu, bakin addu'a bai ragu ba. Kada ka ji kunyar zama tare da yara ka koyi karatu. Ka gai da marar lafiya, ka sulhunta masu faɗa, ka koya wa jikokinka tsoron Allah. Murnar tsoho tana cikin sanin cewa Ubangijinsa yana da sauran aike dominsa. Allah ya ba mu cikawa da kyau. Amin.