Sarkin Katsina Muhammadu Dikko: Basaraken da ya sauya wa doki fage daga yaƙi zuwa wasa

Duk lokacin da wata babbar gasar sukuwa ta ƙarato, hirar masoya dawaki ba ta wuce ta dokin da zai zo na ɗaya. Daga majalisun birnin Kano zuwa ƙauyukan Bichi da Dambatta da Dawakin Tofa, kowa da gwaninsa. Wani asalin doki yake dubawa, wani mahayinsa, wani kuma bargar da ya fito.

Sai dai shekara 120 da suka wuce babu tabbacin doki zai ci gaba da riƙe wannan matsayi a ƙasar Hausa. Babban aikin da aka san shi da shi, wato yaƙi, ya zo ƙarshe da zuwan Turawa a 1903. Cikin waɗanda suka samar masa sabon aiki, babu wanda ake ambato kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944.

Tasowa a zamanin hare-hare

An haifi Dikko a 1865. Mahaifinsa shi ne Durbin Katsina Gidado, daga Fulani Sulluɓawa, dangin da gidan Ibrahim Dabo mai sarautar Kano tun 1819 ya fito daga cikinsu. Durbi yana cikin masu zaɓen sarki a Katsina, kuma ƙasarsa tana wajen Mani.

Zamani ne na zaman ɗar-ɗar. Zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe, waɗanda jihadi ya kora suka kafa Maraɗi, ba su daina kawo hari ba. Arewacin Kano ma bai tsira ba, domin a ƙarshen shekarun 1890 dakarun Damagaram sun kai har Gezawa. Manomi yana noma ne kunnensa na sauraren ƙarar kofato, kuma ƙarfin basarake ana auna shi ne da yawan dawakin da zai iya fitarwa ranar da aka buga tambari.

A wannan yanayi Dikko ya samu sarautar Durbi yana da shekara ashirin da 'yan kai. Ya yi suna a fagen daga, ya kuma san doki sani na wanda ransa ya dogara da shi: wanda zai ɗauki lifidi da mahayi mai sulke da kwalkwali, da wanda zai yi zafin nama wajen bin sawun mahara.

Shekarar da lissafi ya sauya

A ranar 3 ga Fabrairun 1903 birnin Kano ya faɗa hannun Turawa. Kafin watan ya ƙare, a Kwatarkwashi, barade na Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai sura kan 'yan tsirarun sojoji masu bindiga, aka kashe Wazirin da jama'arsa da yawa. Sakkwato ta bi baya a tsakiyar Maris. Darasin ya fito fili: doki da mashi ba za su ja da harsashi ba.

Katsina ba ta yi yaƙi ba. Da Gwamna Lugga ya iso, Sarki Abubakar ya karɓe shi, kuma hidimar baƙin ta abinci da ginin barikinsu ta faɗa wuyan Durbi Dikko. Nan ya fahimci yadda suke tafiyar da al'amuransu, su ma suka san shi.

Ba a daɗe ba Turawa suka tuɓe Abubakar suka naɗa Yero. A 1906 suka tuɓe Yero, jami'insu Richmond Palmer ya tsaya kai da fata a kan Dikko, aka ba shi sarautar a watan Nuwamba.

Naɗin ya zo da ƙura. Tun jihadi sarautar Katsina tana gidan Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje da ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma Dikko ba ɗan gidan ba ne. Da yawa sun ɗauke shi sarkin da Turawa suka ɗora, har yau ma masana tarihi suna tafka muhawara a kan wannan sauyi. Abin da ya rage masa shi ne ya nuna da aiki cewa kujerar ba ta fi ƙarfinsa ba.

Baitulmali da makaranta da Makka

A Katsina, a zamaninsa, aka fara tsarin baitulmali na En'e, inda haraji ke shiga asusu ɗaya, sarki da hakimai su koma karɓar albashi. Daga baya aka yaɗa tsarin zuwa sauran masarautun Arewa.

A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Dikko ya sa 'ya'yansa a makarantar boko a lokacin da iyaye da dama ke ɓoye nasu, ya kuma goyi bayan karatun 'ya'ya mata.

A 1921 ya tafi aikin Hajji, ya zama sarkin Arewa na farko da ya sauke farali yana kan karaga. Ta Ingila ya bi, inda ya gana da Sarki George na Biyar, kuma cikin 'yan rakiyarsa har da ɗansa Usman Nagogo, wanda bai kai shekara ashirin ba a lokacin. Ya sake komawa Makka a 1933.

Sabon fage ga tsohon aboki

Da yaƙi ya ƙare, riƙe doki ya zama nauyi. Dabba ce mai cin dawa da dusa da harawa kullum, tana buƙatar kanwa da mai yankan ciyawa da mai share barga, alhali ba ta noma kuma ba ta ɗaukar kaya kamar jaki. Ganimar da ke biyan wannan ɗawainiya ta tsaya, ga mota ta fara shigowa. Hawan Sallah sau biyu ne a shekara, kuma shi kaɗai ba zai sa a ci gaba da neman doki mai gudu ba, tunda ado da kwarjini ake nunawa a ranar.

Turawa kuwa sun zo da wasanninsu biyu. Na farko tseren dawaki mai ƙa'ida, da fili zagayayye da nisan da aka auna da kofi ga wanda ya ci. Hausawa sun daɗe suna sukuwa da kilisa, don haka wannan bai zama baƙo sosai ba. Na biyu shi ne folo, ƙwallon dawaki, wanda aka fara bugawa a Legas a 1904. Da farko wasan hafsoshin soja ne da jami'an mulki, 'yan ƙasa kuma aikinsu riƙe linzami a bakin fili.

Dikko bai yarda a tsaya a nan ba. Bayan dawowarsa daga Ingila ya tanadi filin folo a Katsina, ya sa 'ya'yansa da yaran fada suka koyi wasan, ya buɗe musu bargarsa. Dawakin da a da ake turkewa don jiran ranar yaƙi suka koma na sukuwa da ƙwallo.

Sauyin ba ƙarami ba ne. A folo mutum huɗu ne a kowane ɓangare, a filin da tsawonsa ya kai yadi 300, kuma ana buga shi zango-zango na kimanin minti bakwai, ana canza doki a tsakani saboda gajiya. Ana son doki mai tashi da sauri, mai tsayawa cak, mai juyawa a ƙaramin wuri. Sirdin gargajiya mai tudu gaba da baya ya ba da wuri ga ƙaramin sirdi marar nauyi. Amma ƙwarewar riƙe linzami da hannu ɗaya a yi sara da ɗayan, wannan gado ne da jikokin barade suka tarar a gida.

Ba a jima ba 'yan wasan Katsina suka fara doke ƙungiyoyin Turawa. Kofin Georgian, wanda ake fafatawa a kansa a Kaduna tun 1919 kuma ake ɗaukarsa mafi daraja a folon Najeriya, ya sha zuwa Katsina. Usman Nagogo ya kai matakin ƙwarewa na 7 a ma'aunin da ƙololuwarsa 10 ce, matsayin da ya sa sunansa ya fita har wajen ƙasar.

Abin da manomi ya samu

Wasan na sarakuna da attajirai ne, amma cikin doki a gonar talaka yake cika. A karkarar da ke kewaye da Kano, inda gidaje ke kusa da juna kuma ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba a zubar da komai. Bayan girbi ana ɗaure harawar wake da ta gyaɗa a ajiye a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya, a jira rani ta yi tsada.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, harawa ta ƙara yawa. Jakuna na kai ta birni, su komo da taki da toka zuwa gona. Muddin akwai dawaki a turke, akwai kasuwar harawa da dawa, akwai aiki ga baduku mai ɗinka kayan doki da maƙeri mai ƙera linzami da likkafa. Da bargunan sarakuna sun watse bayan 1903, da waɗannan sana'o'i sun bi su.

Gadon da ya bari

Dikko ya rasu a 1944, bayan fiye da shekara 37 yana sarauta. Usman Nagogo ya gaje shi ya riƙe har 1981, sannan Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. Gidan da aka yi wa kallon baƙo a 1906 ya haura shekara ɗari a kan karagar Katsina.

Son doki ma ya bi jini. Jikansa Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya zama Gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, fitaccen ɗan folo ne, haka shi ma Sarki Kabir. Babban filin wasa na birnin Katsina a yau sunan Muhammadu Dikko yake ɗauke da shi.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Hawa irin wannan yana buƙatar dawaki da mahaya da masu kiwo da ba su yanke ba tsawon ƙarni guda bayan yaƙin ƙarshe, kuma filayen sukuwa da na folo suna cikin abin da ya riƙe su a watannin da babu Sallah.