Taƙaitaccen Tarihin Marigayiya Hajiya Hafsatu Ahmadu Bello, Uwargidan Sardaunan Sakkwato

Da wuya a sami gari ko ƙauye a Jihar Sakkwato, tun daga Kajiji da Shagari da Boɗinga har zuwa Raba da Wurno, inda ba a san sunan marigayi Sardaunan Sakkwato, Alhaji Sa Ahmadu Bello ba. Amma kaɗan ne daga cikin matasanmu za su iya faɗin sunan matar da ta zauna da shi sama da shekara talatin, ta kuma cika tare da shi a dare ɗaya. Wannan baiwar Allah ita ce Hajiya Hafsatu, wadda mutanen gida ke kira Goggon Ƙurya.

Hajiya Hafsatu 'yar Wazirin Sakkwato Abdulƙadir Macciɗo ce, ɗan Waziri Muhammadu Buhari, wanda shi ne ke riƙe da wazirci lokacin da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903. Ke nan ta fito ne daga gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma mijin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Gida ne na alƙalami da tawada, wanda ya riƙe wasiƙu da littattafan daula tun zamanin jihadi. Marigayi Waziri Junaidu, masanin tarihin nan da ya yi wazirci daga 1948 har zuwa rasuwarsa a 1997, baffanta ne.

Shi kuwa Ahmadu jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba ne, ɗan Muhammadu Bello. Saboda haka auren da aka ɗaura musu a 1932 aure ne na zumunci, domin dukkansu tsatson Shehu ne: shi ta wajen Bello, ita ta wajen Asma'u. Duk wanda ya san yadda Bello da Giɗaɗo suka zauna zai ga cewa tsohuwar igiya ce aka ƙara wa ƙulli.

Ya kamata mai karatu ya lura da cewa ba Firimiya ta aura ba. Malamin makaranta ta aura, wanda bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba a 1931, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Sakkwato. A 1934 aka naɗa shi hakimin Raba. A 1938 Allah ya yi wa Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu rasuwa, Ahmadu ya nemi gadon sarauta bai samu ba, aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Daga nan aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau domin lura da gundumomin gabas. A 1943 kuma ya gamu da babbar jarrabawa, inda aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙofar gidan mai sarauta ke bushewa ranar da aka ce ya faɗi, ya san irin nauyin da ke sauka a kan uwargida a irin wannan lokaci. Hajiya Hafsatu tana ɗakinta aka yi wannan guguwa, tana ɗakinta aka gama.

A tsawon waɗannan shekaru gidan ya ga shigar amare da fitar wasu. Daga cikin waɗanda suka dawwama akwai Hajiya Amina, wadda ake kira Goggon Kano, da Hajiya Jabbo. Ita dai Goggon Ƙurya ita ce uwargida daga farko har ƙarshe. A manyan gidajen ƙasar Hausa wannan matsayi aiki ne, ba suna kawai ba: uwargida ce ke tsare rabon girki, da tarbiyyar yaran gida da na riƙo, da sasanta abokan zama, da sallamar 'yan'uwa da ke zuwa daga ƙauye da bukatunsu. Bayan da Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, gidansa na Kaduna ya zama masaukin sarakuna da malamai da baƙi daga ƙasashen waje, ga shi kuma mutum ne da ya shahara da kyauta.

A wancan zamani babu ofishin matar shugaba, babu ayarin motoci, babu jawabi a rediyo. Mutanen ƙasar Shagari sun san wannan tsari sarai, domin ko a lokacin da marigayi Alhaji Shehu Shagari ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983, iyalinsa, ciki har da marigayiya Hajiya Hadiza wadda ta rasu a 2021, ba su shiga harkar mulki a bainar jama'a ba. Sai a zamanin marigayiya Maryam Babangida, daga 1985, ofishin ya yi ƙarfi. Wannan ne ya sa za a daɗe ana bincike a tsofaffin jaridu kafin a ci karo da sunan Hajiya Hafsatu, kuma a ganinmu rashin adalci ne a auna matan wancan zamani da yawan fitowarsu a jarida.

A daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, wasu sojoji a ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kai wa gidan Firimiya hari, suka yi ta harbi har gidan ya kama da wuta. Sardauna yana sashen iyalinsa lokacin da suka kutsa ciki. Hajiya Hafsatu ta ƙi rabuwa da shi, ta rungume shi ta sa jikinta tsakaninsa da bindiga, aka harbe su tare. Dogarinsa Zarumi shi ma a nan ya rasa ransa. A wannan dare kuma, a wani gida cikin Kaduna, aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun tare da matarsa Latifat, yayin da a Ikko aka ɗauke Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Balewa aka hallaka shi.

An yi musu sutura aka binne su kusa da juna a harabar gidan Sarkin Musulmi da ke Kaduna. Allah ya jiƙansu da rahama. Sardauna ya bar 'ya'ya mata uku, wato Inno da A'ishatu da Lubabatu, wadda aka haifa bayan rasuwarsa. Hajiya A'ishatu, wadda ta rasu a 2021, ita ce mahaifiyar marigayi Magajin Garin Sakkwato, Alhaji Hassan Ɗanbaba.

Gidan da abin ya faru shi ne aka mayar cibiyar binciken tarihi ta Gidan Arewa a 1970, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A 1995 Ladi Adamu ta wallafa littafi da Turanci a kan rayuwar Hajiya Hafsatu, a cikin birnin Sakkwato kuma an sa wa wata makarantar sakandaren 'yan mata sunanta.