Tarihin mazan jiya: Steve Biko, matashin da ya mutu a hannun ƴan sandan wariyar launin fata

Yau za mu nufi ƙasar Afirka ta Kudu domin mu kawo muku tarihin Steve Biko, wani ɗalibin aikin likita wanda bai samu ya ƙare karatunsa ba, bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, kuma bai taɓa ɗaukar bindiga ba, amma mutuwarsa a hannun ƴan sanda ranar 12 ga watan Satumba na shekarar 1977 ta girgiza duniya. Shekarunsa 30 kacal lokacin da ya rasu. Mun zaɓo shi ne saboda labarinsa yana nuna mana cewa idan mutum ya mutu a tsare, alhakin ransa yana wuce hannun da ya buge shi, ya hau kan likitan da ya sa hannu a takardar ƙarya, da ministan da ya rufe maganar, da alƙalin da ya wanke kowa.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Bantu Stephen Biko ranar 18 ga watan Disamba na 1946 a garin Tarkastad, cikin yankin gabashin lardin Cape, kuma iyayensa ƴan ƙabilar Xhosa ne. Ya tashi a Ginsberg, wata unguwa ta baƙar fata da ke gefen garin King William's Town, wanda aka sauya wa suna zuwa Qonce a 2021. Shi ne na uku cikin ƴaƴa huɗu. Mahaifinsa ya taɓa yin aikin ɗan sanda kafin ya koma aikin ofis, kuma ya rasu a 1950, ya bar Steve yana ɗan ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa Alice ita ta riƙe gidan, tana aikatau a gidajen Turawa, daga baya ta samu aikin dafa abinci a asibitin garin.

Shekaru biyu bayan haihuwarsa, wato a 1948, jam'iyyar Turawa masu ra'ayin wariya ta hau mulki, ta mayar da wariyar launin fata doka. Aka raba unguwanni, da makarantu, da asibitoci, har da kujerun zama a bakin hanya. Baƙar fata ba ya jefa ƙuri'a, kuma ba ya shiga gari sai da takardar izini a aljihu. Ranar 21 ga watan Maris na 1960 ƴan sanda suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar ƙin wannan takarda a Sharpeville, suka kashe mutum 69. Bayan haka gwamnati ta haramta ƙungiyoyin ANC da PAC, a 1964 kuma aka yanke wa Nelson Mandela da abokansa ɗaurin rai da rai. Manyan ƴan gwagwarmaya suna gidan kaso ko suna gudun hijira, tsoro ya rufe bakin sauran jama'a. Cikin wannan shiru Biko ya zama saurayi.

A 1963 ya shiga makarantar kwana ta Lovedale, amma bai daɗe ba ƴan sanda suka kama yayansa Khaya bisa zargin alaƙa da reshen PAC mai ɗauke da makamai. Shi ma Steve an kama shi, an yi masa tambayoyi, sannan makarantar ta kore shi ba tare da an same shi da laifin komai ba. Ya ƙarasa karatun sakandare a makarantar ƴan Katolika ta St Francis da ke Mariannhill, kuma a 1966 ya samu shiga sashen koyon aikin likita na Jami'ar Natal a birnin Durban, a ɓangaren da aka ware wa waɗanda ba Turawa ba.

Daga ɗalibi zuwa jagora

A jami'a ya shiga NUSAS, babbar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasar, wadda ke adawa da wariya amma ragamarta tana hannun ɗalibai Turawa. A 1967 ƙungiyar ta yi babban taronta a Jami'ar Rhodes da ke Grahamstown. Aka sauke wakilai Turawa a ɗakunan kwanan jami'a, su kuwa baƙar fata aka kai su wani coci a unguwar baƙar fata, saboda haka doka ta ce. Biko ya lura cewa abokansa Turawa za su yi Allah wadai da baki, amma da dare kowa zai koma gadonsa mai laushi. Daga nan ya yanke shawarar cewa wanda takalmi ke matsa wa shi ya kamata ya ja ragamar neman mafita.

Shi da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗalibai baƙar fata mai suna SASO, wadda aka ƙaddamar a watan Yuli na 1969, kuma shi ne shugabanta na farko. Aƙidar da suka yaɗa ita ce ta farkar da baƙar fata. A ganin Biko, mulkin wariya ya daɗe ne saboda ya shiga cikin kan baƙin mutum, ya sa shi yana raina kansa da launinsa da harshensa, yana kallon Bature a matsayin ma'aunin komai. Don haka matakin farko na ƴanci shi ne mutum ya daina jin kunyar kansa, ya daina jin tsoro. Kalmar baƙar fata a wurinsu ta haɗa da Indiyawa da kuma waɗanda doka ke kira ruwa biyu, domin duk wariya ɗaya ce ke danne su. Yana rubuta waɗannan ra'ayoyi a jaridar ƙungiyar da sunan aro na Frank Talk.

A 1972 jami'a ta sallame shi, domin aikin ƙungiya ya cinye lokacin karatunsa. A shekarar ce aka kafa BPC, ƙungiyar da za ta kai wannan aƙida wajen harabar makarantu. A 1973 gwamnati ta yi masa ɗaurin talala: ba zai fita daga gundumar King William's Town ba, ba zai zauna da fiye da mutum ɗaya a lokaci guda ba, ba zai yi jawabi ga jama'a ba, kuma laifi ne wata jarida ta buga maganarsa. To amma bai zauna hannu rabbana ba. Ya taimaka aka buɗe asibitin Zanempilo a ƙauyen Zinyoka a 1975, inda likita Mamphela Ramphele ke duba talakawa, sannan aka kafa asusun Zimele domin tallafa wa iyalan fursunonin siyasa. A wannan zaman ne ya ƙulla abota da Donald Woods, Bature editan jaridar Daily Dispatch, wanda da farko yake ɗaukar Biko a matsayin mai ƙin jinin Turawa, sai da suka zauna ya gane ba haka abin yake ba.

Ranar 16 ga watan Yuni na 1976 ƴan makaranta a Soweto suka fito zanga-zangar ƙin a koyar da su da harshen Afrikaans. Ƴan sanda suka harbe su, cikin waɗanda suka fara faɗuwa har da Hector Pieterson ɗan shekara 12, kuma kafin tarzomar ta lafa ɗaruruwan mutane sun mutu a faɗin ƙasar. Biko yana can cikin talalarsa, amma hukuma ta san inda yaran suka samo wannan rashin tsoro. A watan Agusta abokin aikinsa Mapetla Mohapi ya mutu a hannun ƴan sanda, suka ce wai shi ya rataye kansa. Shi ma Biko aka tsare shi kwana 101 ba tare da an gurfanar da shi gaban kotu ba.

Kwanaki 25 na ƙarshe

Ranar 18 ga watan Agusta na 1977, Biko da abokinsa Peter Jones suna dawowa daga Cape Town, inda ya je a ɓoye domin neman haɗa kan ƙungiyoyin gwagwarmaya, sai suka faɗa shingen ƴan sanda kusa da Grahamstown. Aka tsare shi ƙarƙashin sashe na 6 na dokar ta'addanci ta 1967, wadda ta ba ƴan sanda damar riƙe mutum iya son ransu, babu lauya, babu dangi, babu kotu. Aka kai shi ofishin ƴan sanda na Walmer a birnin Port Elizabeth, wanda yanzu ake kira Gqeberha, aka ajiye shi tsirara.

Ranar 6 ga watan Satumba aka ɗauke shi zuwa ɗaki mai lamba 619 a hedkwatar ƴan sandan ciki, da ankwa a hannu da mari a ƙafa. A cikin wannan ɗaki ne aka yi masa dukan da ya ji masa rauni a ƙwaƙwalwa, kuma bayan haka aka ɗaure shi jikin ƙofar ƙarfe aka bar shi. Washegari aka kira likitan gwamnati Ivor Lang. Ya tarar da mutum leɓe a fashe, jiki da raunuka, magana ba ta fita daidai, amma ya rubuta takarda cewa bai ga wata cuta a jikinsa ba. Wani ƙwararren likita ya ɗebi ruwan da ke cikin ƙashin bayansa ya ga alamun jini, abin da ke nuna rauni a ƙwaƙwalwa, duk da haka aka mayar da shi ɗakin tsaro.

Ranar 11 ga watan aka same shi kwance kumfa na fita daga bakinsa. Likita na biyu, Benjamin Tucker, ya ce a kai shi asibiti, amma da shugaban ƴan sandan ciki na yankin, Kanar Goosen, ya ƙi yarda da asibitin garin, sai likitan ya amince a kai shi Pretoria. Aka jefa shi bayan mota ƙirar Land Rover, tsirara, cikin mari, ba ma'aikacin jinya, ba takardar da ke bayanin ciwonsa, aka yi tafiyar kilomita kusan 1,200 da shi cikin dare. Mai karatu ya kwatanta: wannan tafiya ta fi tsawon hanyar Yamai zuwa Damagaram. Washegari, 12 ga watan Satumba, ya cika shi kaɗai a cikin wani ɗaki na gidan kason Pretoria. Kafin shi, fiye da mutum 40 sun mutu a irin wannan tsarewa tun 1963.

Ƙarya da fushin jama'a

Ministan shari'a da ƴan sanda, Jimmy Kruger, ya fara da cewa wai yajin ƙin cin abinci ne ya kashe Biko. A wurin taron jam'iyyarsu kuma ya nuna cewa mutuwar ba ta dame shi ba ko kaɗan, mahalarta suna dariya. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Donald Woods ya je ɗakin ajiye gawa aka ɗauki hotunan raunukan, jaridar Rand Daily Mail kuma, ta hannun wata matashiyar ƴar jarida mai suna Helen Zille, ta bayyana cewa binciken gawa ya nuna rauni a ƙwaƙwalwa, babu alamar yunwa.

Ranar 25 ga watan Satumba aka yi jana'izarsa a filin wasa na King William's Town. Mutum wajen 20,000 suka halarta, har da jami'an diflomasiyya na ƙasashen Yamma, duk da cewa ƴan sanda sun tare motocin da suka taso daga Soweto. Desmond Tutu, wanda a lokacin shi ne bishop na Lesotho, ya yi wa'azi a wurin. Amsar gwamnati ta zo ranar 19 ga watan Oktoba: ta haramta ƙungiyoyin da ke bin aƙidar Biko, ta rufe jaridar The World ta baƙar fata, ta tsare editanta Percy Qoboza, ta kuma yi wa Woods ɗaurin talala, har ya gudu daga ƙasar ta Lesotho a ƙarshen shekarar. Ranar 4 ga watan Nuwamba Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 418, wanda ya wajabta wa dukan ƙasashe daina sayar wa Afirka ta Kudu makamai.

A watan Nuwamban ne aka zauna binciken musabbabin mutuwar a Pretoria. Lauyan iyalin, Sydney Kentridge, ya titsiye ƴan sanda da likitoci har duniya ta ji abin da muka zayyana a sama daga bakinsu. Ƴan sandan suka ce Biko ne ya far musu, kansa ya bugu cikin kokawa. Ranar 2 ga watan Disamba alƙali Marthinus Prins ya yanke cewa babu wanda za a ɗora wa laifi. A 1979 gwamnati ta biya iyalin diyyar rand 65,000 ba tare da ta amsa laifi ba. Hukumar kula da likitoci ita ma ta wanke nata, sai da wasu likitoci masu kishin sana'arsu suka kai ta kotu, sannan a 1985 aka yi wa Lang gargaɗi, aka soke sunan Tucker daga rajistar likitoci.

Bayan faɗuwar mulkin wariya a 1994, tsoffin ƴan sanda biyar suka nemi afuwa a gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa a 1997. Suka amsa cewa an buga kan Biko da bango, kuma sun yi ƙarya a binciken farko, amma hukumar ta hana su afuwa domin ba ta gamsu sun faɗi gaskiya duka ba. Duk da haka, a 2003 hukumomin shari'a suka ce ba za a gurfanar da su ba saboda ƙarancin shaida da tsawon lokaci. Sai a watan Satumba na 2025, shekaru 48 bayan rasuwarsa, aka sake buɗe binciken mutuwarsa a babbar kotun Gqeberha, alhali da yawa daga cikin masu hannu a lamarin sun riga sun mutu.

Abin da ya bari

A 1987 aka yi fim mai suna Cry Freedom kan abotarsa da Woods, a 1997 kuma shugaba Mandela ya ƙaddamar da mutum-mutuminsa a birnin East London. Amma sauyin gwamnati bai kawar da ɗabi'ar harbin talaka ba, domin ranar 16 ga watan Agusta na 2012 ƴan sandan sabuwar Afirka ta Kudu sun harbe ma'aikatan haƙar ma'adinai 34 masu yajin aiki a Marikana. Mu ma a nan Nijar mun san zafin jinin ɗalibi, tunda ba mu manta da ranar 9 ga watan Fabrairu na 1990 ba, lokacin da jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasa rayukansu.

Da ƴan jarida sun yi shiru a 1977, da lauya bai tsaya ba, da waɗancan likitoci ba su kai ƙarar hukumarsu ba, da har yau littafin gwamnati yana cewa yunwa ce ta kashe Steve Biko. Shi ya sa duk ranar da aka ce wani ya mutu a tsare, a ko'ina ne, ya kamata mu tambayi wa ya duba gawar, wa ya sa hannu a takarda, kuma wace kotu za ta saurari iyalinsa.