Nana Asma'u Ɗiyar Shehu: Malamar Da Ta Riƙe Amanar Ɗaliban Nesa

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a yau wasu daga cikin ƴaƴanmu na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji suna ɗaukar darasin jami'a ta wayar salula ko kwamfuta, malami yana Maraɗi ko Yamai ko wata ƙasa, ɗalibi kuwa yana zaune a zauren gidansu. Al'amarin ya ƙara yaɗuwa tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu. To, malamin da ba ya ganin ɗalibinsa, wa zai tsare masa amanar karatu in ba tsoron Allah ba? Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi rayuwar wata baiwar Allah wadda ta karantar daga nesa tun ba a san waya ba, wato Nana Asma'u, Allah Ya jiƙanta da rahama.

An haife ta a Ɗagel a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuma Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta ɗanɗani yunwa da yawan ƙaura tun tana ƙarama, amma duk wannan bai raba ta da allo ba. Ta haddace Alƙur'ani mai girma, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma tana jin harshen Buzaye. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1820 ta wallafa Tanbihul Gafilina da Larabci.

Bayan ƙura ta lafa, sai ta lura da halin da matan ƙauyuka ke ciki: ga ɗawainiyar aure da reno, ga nisan hanya, ba su da ikon zuwa Sakkwato ko Wurno neman ilimi. Tun da ɗaliba ba za ta iya zuwa ba, sai ta ga ilimin ne ya kamata ya je ya same ta. Daga wajejen 1830 ta tsara abin da aka sani da Ƴan Taru. Kowane gari yana da shugabar mata mai suna jaji, wadda takan jagoranci dattijai mata da ƴan mata ƙanana zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su isar da shi ga matan da ke cikin gidaje. Nana takan naɗa wa jaji malfa da jan rawani. Ita malfar nan, a da alama ce ta Innar Gobir, sarautar da mutanen Tsibiri suka sani sarai, sai Nana ta mayar da ita alamar ilimi.

A cikin wannan aiki muna ganin halaye huɗu. Na farko, kyautata abin da za a aika. Ta san ba ta nan lokacin da za a maimaita darasinta, don haka sai ta tsara shi cikin waƙa mai sauƙin hadda, da harshen da matan ke ji. A 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta ta Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa. Ta kuma jera sunayen surorin Alƙur'ani cikin waƙa domin masu koyo.

Na biyu, tsare asalin ilimi. Tare da mijinta ta yi hidimar adana rubuce-rubucen Shehu da na Bello, kuma waƙoƙinta da yawa ta rufe su da ramzin shekarar da ta yi su, har ga shi yau muna iya sanin lokacinsu.

Na uku, kamewa daga dukiyar ɗalibi. Ƴan Taru sukan zo mata da hatsi da zuma da man shanu da tufafi, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata.

Na huɗu, sanin darajar ɗalibi. Da jaji Hauwa'u ta rasu, Nana ta yi mata marsiyya kamar yadda ta yi wa manyan gidansu, alhali ita mace ce ta ƙauye wadda ba ta da sarauta.

Allah Ya karɓi ranta a 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Hubbare cikin Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin Ƴan Taru, aikin bai mutu da mutuwarta ba.

To, ya ku malamanmu na jami'a masu karantarwa ta intanet, wayar nan ita ce jajinku a yau, sai dai ba ta gyara kuskure, abin da kuka ɗora mata shi za ta kai. Ku tuna akwai uban da ya sayar da tiyar gero ko akuya domin ɗansa ya sayi katin da zai saurare ku. Malamin da ya aika tsohon darasi ba tare da dubawa ba, ko ya kwafi aikin wani ya sa sunansa, ko ya bar tambayar ɗalibi wata guda babu amsa, ko ya sayar da maki, ko ya mayar da lambar ɗaliba hanyar hirar dare, to ya ci amana, ko da shugaban jami'a bai gani ba, Allah Yana gani.

Mu kuma iyaye, wajibi ne mu riƙa tambayar ƴaƴanmu a wurin wa suke karatu, kuma mu hana su ha'inci a jarrabawar da babu mai tsaronta, domin amanar ta kowa ce.

Allah Ya gafarta wa Nana Asma'u da iyayenmu da malamanmu, Ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi, amin.